Me ya haɗa itacen Mambila da na Uganda? Muhawara kan zamanin ƙanƙara da tsirran tsauni

Ɗan Gembu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni ga masana tsirrai. A kurmin Ngel Nyaki da ke nan saman Mambila akwai itacen nan Prunus africana, irin wanda ake ɓare ɓawonsa a Kamaru ana fita da shi Turai don haɗa maganin ciwon da ke hana dattawa maza fitsari. An ce mini wai binciken DNA, wato bayanan gado da ke cikin jikin kowane mai rai, ya nuna na wannan yanki 'yan uwan na Uganda ne na kusa, kuma wai zamanin ƙanƙara ne sila. Abin ya ɗaure mini kai. Tsakaninmu da Uganda ga dajin Kwango gaba ɗaya, shi kuwa itacen tudu ne mai son sanyi. To ta ina ya bi? Sannan ƙanƙara ta taɓa rufe Mambila ne?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Ƙanƙara a Taraba? Ɗana, anya sanyin Gembu bai fara taɓa ka ba?

Malamar Tsirrai:
Baba kada ka yi masa dariya, tambayarsa tana kan hanya. Ta biyun ce mai sauƙi: a'a, ƙanƙara ba ta zauna a Mambila ba. Chappal Waddi da ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya mita 2,419 ne, bai kai ba. A Afirka inda ta kwanta har ta sassaƙe duwatsu akwai Kilimanjaro, Dutsen Kenya, Ruwenzori, Elgon, Simien da Bale na Habasha, sai Atlas na Maroko. Amma zamaninta ya shafi kowa, har wanda ko ganinta bai yi ba.

Ba kuma sanyi ɗaya ba ne da ya zo ya wuce. Tun daga shekara miliyan 2.6 da suka wuce har zuwa shekara 11,700 da suka wuce, duniya ta yi ta shiga sanyi tana fita. Da farko duk bayan kamar shekara 41,000, daga baya duk bayan kamar 100,000. Abin da ke kunna shi ɗan sauyi ne a karkatar duniya da kuma zagayen da take yi wa rana, lissafin da Milutin Milankovic ɗan Sabiya ya shahara da shi. Sanyin ƙarshe ya kai ƙololuwa wajen shekara 21,000 da suka wuce. Ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawan da teku ta ja baya da kimanin mita 120, zafin duniya kuma ya ragu da wajen digiri 6.

Yanzu ku riƙe wannan: duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan idan duniya ta huce da digiri 6, yanayin saman tsauni ya gangaro ƙasa da kusan mita 1,000, tsirran da suka saba da shi su biyo shi, iri bayan iri. Zafi ya dawo, su koma sama. An yi wannan hawa da sauka sau da yawa, kuma kowanne ya bar tabo a cikin DNA.

Ɗan Gembu:
Na gode Malama. Ke nan itacen ya sauko ƙasa ya yi ta bazuwa har ya haɗe da na Uganda, da zafi ya dawo aka raba su?

Ɗan Aji Huɗu:
Haka aka koya mana a aji. Sanyi ya yi wa tsaunuka gada, zafi ya karya ta.

Malamar Tsirrai:
Haka aka daɗe ana faɗa, amma a Afirka maganar ba ta zo da sauƙi haka ba. Zan dawo kanta.

Tsohon Hedimasta:
Kafin ki dawo, 'yata. Ni tsoho ne, ina son a gamsar da ni. Shekara 21,000, wa ya gani? Itace ba shi da baki, ba shi da maroƙi mai jero masa kakanni. Ta yaya mutum zai tsinki ganye ya shiga ɗaki da farar riga ya fito ya ce kakan wannan daga Uganda yake?

Malamar Tsirrai:
Tambayar malamai ke nan, Baba. Shaidu iri uku ake haɗawa.

Na farko duwatsu, wannan sai Mai Duwatsu ya zo ya faɗa da bakinsa.

Na biyu bununi. Ƙurar furen da iska ke ɗauka tana faɗawa cikin tafki ta nutse a laka, kuma ɓawonta ba ya ruɓewa da wuri. Kowane dangin tsiro da siffar nasa. Sai a soka bututu a ƙasan tafkin a zaro lakar, ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama sabuwa. A auna shekarunta da sinadarin kabon 14, wanda ke aiki har zuwa wajen shekara 50,000, sannan a zauna gaban madubin ƙara girma a ƙirga bununin ɗaya bayan ɗaya. Aikin haƙuri ne, mai kashe ido.

Na uku DNA. Duk lokacin da ake kwafarsa daga uwa zuwa 'ya, jefi-jefi akan sami ɗan kuskure, kuma zuriyar ta gaje shi. Rukuni biyu da suka daɗe da rabuwa kowanne ya tara nasa kurakuran. A tsirrai akwai wata dama ta musamman. Ɗan koren abin nan da ke cikin ganye, kuloroplas, yana da nasa DNA daban, kuma a yawancin tsirrai masu fure ta wajen uwa kawai ake gadonsa, wato ta cikin iri. Bununi kan yi tafiya mai nisa a iska, amma iri sai an ɗauke shi. Saboda haka DNA na kuloroplas yana nuna hanyar da irin kansa ya bi.

Sai babbar ƙa'ida. Ka ɗauka rumbu ne da aka shekara ana zuba masa dawa iri-iri: kaura, farfara, jar dawa. Wani ya ɗebi tafi guda ya je ya shuka a sabuwar gona, wani kuma ya ɗebi tafi guda daga waccan gonar ya ƙara gaba. Kafin a je gona ta biyar, da wuya ka sami fiye da iri ɗaya. Haka tsirrai suke. Inda suka fake lokacin sanyi yakan riƙe tsofaffin bambance-bambance, inda suka mamaye bayan ƙanƙara ta janye kuwa kusan duk kamarsu ɗaya. Godfrey Hewitt na Ingila ya tattara wannan a rubuce-rubucensa na 1996 zuwa 2000: kudancin Turai, wato yankin Sifen, Italiya da Balkan, can ne mafakar, arewa kuma 'yan ci-rani ne.

Tsohon Hedimasta:
Na ji ta rumbu. Wannan ta shige ni.

Ɗan Aji Huɗu:
Malama a gafarce ni, amma ƙa'idar tana da togiya. A 2003 Rémy Petit da abokan aikinsa sun duba itatuwa da ƙananan bishiyoyin Turai, suka ga cewa a kudu ne ake samun zuriyoyin da suka fi bambanta da na ko'ina, amma inda aka fi samun iri-iri cakuɗe a daji ɗaya shi ne tsakiyar Turai, don can ne masu tahowa daga mafaka daban-daban suka yi karo. Ke nan yawan iri kaɗai ba ya nuna mafaka. Mahaɗa ma tana iya zama.

Malamar Tsirrai:
Madalla, ana karatu ashe. Shi ya sa ba yawa kawai ake dubawa ba, ana duba wanda babu irinsa a wani wuri.

Mai Duwatsu:
An kira ni, ga ni. Baba, ƙanƙara idan ta taru ta yi kauri tafiya take yi, a hankali, tana jan duwatsu a ƙarƙashinta. Idan ta narke sai ka ga ta bar zane-zane a jikin fa, duk sun fuskanci gefe ɗaya, ta bar tulin tsakuwa a inda ta tsaya, ta kuma yar da ƙaton dutse a wurin da babu danginsa. Irin waɗannan ne Louis Agassiz ya kafa hujja da su a Suwizalan a 1837, mutane suka yi masa kallon mai taɓin hankali.

Tsaunukan Alps na Turai su ne aka fi yi wa binciken da kuke magana a kai, bari in shimfiɗa muku filin. A ƙololuwar sanyin ƙarshe ƙanƙara ta cike kwazazzabansu ta malalo har kusa da Lyon a Faransa da kusa da Munich a Jamus. Sai ƙoƙuwar wasu duwatsu da suka leƙo sama, waɗanda ake kira nunatak. Gefen kudu, da kudu maso yamma wajen teku, da ƙarshen gabas a Ostiriya, su ne suka tsira ba a rufe su ba.

Masana tsirrai sun fi shekara ɗari suna jayayya a kan tambaya guda: tsirran da ke can sama yau, a kan waɗancan ƙoƙuwoyin suka jure sanyin, ko kuwa an share su kakaf ne suka sake hawowa daga gefe?

Ɗan Gembu:
To wa ya ci?

Malamar Tsirrai:
Kowa ya sami rabonsa, amma masu cewa daga gefe aka dawo sun fi samu. A 2005 Peter Schönswetter da abokansa sun haɗa sakamakon tsirrai da dama, taswirar ta nuna mafaka jere a gefen kudu da gabas na Alps. Abin da ya ƙarfafa ta, waɗannan wuraren dai su ne suka fi tara tsirran da babu su a ko'ina a duniya sai nan. Amma akwai wani ɗan tsiro, Eritrichium nanum, mai shuɗin fure, yana liƙe a tsagar dutse a dunƙule, gashi-gashi a jikinsa, can sama da mita 2,500. Ivana Stehlik ta duba DNA ɗinsa ta sami alamar cewa a tsakiyar tsaunukan ya zauna, ƙanƙara kewaye da shi. Ni wannan ɗan tsiron yana burge ni.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: ƙasa. Tsiron da ya saba da dutsen farar ƙasa ba ya rayuwa a kan dutse mai tsami irin giranit. Don haka bai isa a ce wuri babu ƙanƙara ba, sai dutsen ya dace da shi. Wani babban bincike na 2009 ya nuna tsirran farar ƙasa suna da tasu taswirar DNA, na dutse mai tsami suna da tasu.

Misalin tafi guda kuwa ga shi a fili: Ranunculus glacialis, farin furen da ke fitowa dab da ƙanƙara. Na arewacin Turai kusan duk kamarsu ɗaya, kuma tsatsonsu na komawa gabashin Alps.

Ɗan Aji Huɗu:
A ƙara da wani tsiron Alps, Biscutella laevigata. Tun shekarun 1930 Irene Manton ta lura cewa masu kwafi biyu na kuromosom, wato ƙunshin da DNA ke ciki, suna wuraren da ƙanƙara ba ta rufe ba, masu kwafi huɗu kuma su ne suka cika inda ta janye. Ba ta da na'urar karanta DNA, ƙirga kawai ta yi a madubi.

Uwar Biyu:
Ina bin ku a hankali ina tuƙa tuwo. Amma kun tafi Turai kun bar bawan Allah da itacensa a Gembu.

Ɗan Gembu:
Allah ya saka, Hajiya. Har na fara tunanin an manta da ni.

Mai Duwatsu:
To mu dawo gida. Ga inda maganar gada take samun matsala. A Turai sanyi ya zo da ƙanƙara, a Afirka da fari ya zo. Teku ta huce, tururi ya ragu, damina ta yi rauni. Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Jigayin rairayin nan da ake nomawa a Jigawa da gabashin Kano tsofaffin tuddan hamada ne da iska ta tara a zamunnan fari, A. T. Grove ya yi rubutu a kansu tun 1958. Ga kuma iskar kabon da tsiro ke ci, ta faɗi zuwa kimanin 190 cikin miliyan, alhali kafin zamanin masana'antu 280 ce. Ƙarancinta ya fi cutar da itace a kan ciyawa. To itacen kurmi mai son laima ya sauko don sanyi ya yi masa daidai, ya tarar babu ruwa. Wace gada?

Kuma muna da shaida a maƙwabta. Tafkin Bambili da ke kusa da Bamenda a Kamaru, sama da mita 2,000, an zaro lakarsa mai tarihin shekara 90,000, Anne-Marie Lézine da abokanta suka wallafa a 2019. Abin da bununi ya nuna: iyakar kurmi ta sama ta yi ta hawa da sauka sosai, amma iyakarsa ta ƙasa, inda yake haɗuwa da dajin kwari, kusan ba ta motsa ba. Wato kurmin tsauni matse shi aka yi daga sama, bai malala ƙasa ba.

Ɗan Aji Huɗu:
Kai! Ke nan abin da na haddace ya rushe?

Malamar Tsirrai:
Bai rushe duka ba, amma kada ka rubuta shi kamar wanda aka gama. Ga abin da aka samu game da itacen Ɗan Gembu. Caroline Kadu da abokanta sun wallafa a 2011 cewa Prunus africana na tsaunukan Kamaru ya fi kusa da na Uganda da na yammacin Kenya, fiye da yadda na yammacin Kenyan yake kusa da na gabashin babban kwarin nan na Rift, duk da cewa waɗannan maƙwabtan juna ne. Ka ga ikon Allah: dubban kilomita ba su raba ba, kwari ɗaya busasshe ya raba. Su masu binciken sun fassara shi da cewa an taɓa samun hanya tsakanin tsaunukan gabas da na yamma.

Ni dai ina ganin ba sai an sami kurmi a jere babu yankewa ba. Itacen yana yin 'ya'ya masu tsoka, tsuntsaye da birai na ci su kai ƙwallon wani wuri. Idan akwai tuddai da bakin rafuka masu laima nan da can, zuriya bayan zuriya za a iya tsallakawa.

Mai Duwatsu:
A nan ne nake ɗan ja da ke, Malama. Da an rasa bayani sai ku ce tsuntsu. Tsuntsun da ya ci 'ya'yan itace ba ya daɗewa bai kasayar da ƙwallon ba. Ni na fi karkata ga cewa akwai lokutan da sanyi da laima suka haɗu, ba a tsakiyar fari ba, a shiga ko a fita, har kurmin tudu ya sami wurin zama a ƙasa. Shekara dubu biyu ko uku a wajenmu ƙiftawar ido ce, amma ta ishi itace ya yi zuriya da yawa.

Malamar Tsirrai:
Ban musa ba ga itatuwan kurmi. Amma hau sama da kurmi ka ga ko ba tsuntsu da iska ba. A tsaunukan gabashin Afirka, daga wajen mita 3,500 zuwa sama, akwai wata duniya daban, wadda Olov Hedberg ɗan Suwidin ya siffanta da rani kowace rana, hunturu kowane dare. Can ake samun manyan tsirran nan, Lobelia da Dendrosenecio. Shi Dendrosenecio ba ya zubar da matattun ganyensa, suna nan naɗe da gangar jikinsa suna tare masa sanyi, ganyen saman kuma su tsuke da dare su rufe tohon, da hantsi su buɗe.

An yi lissafi a 2017, Desalegn Chala da abokansa, cewa da iyakar itatuwa ta sauko da mita 1,000, filin waɗannan tsirrai ya ninka na yau kusan sau 8. Duk da haka yawancin tsaunukan ba su haɗe ba, kowanne tsibiri ne a sararin sama. Amma sai ga tsiro ɗaya a kan tsaunuka masu nisa da juna. Kuma da yawa daga cikinsu danginsu ba na kwarin da ke ƙasansu ba ne, na Turai da Asiya ne ko na kudancin Afirka. Dubi Arabis alpina: asalinsa yankin Turkiyya, yana Alps, yana can arewa mai nisa, kuma DNA ya nuna sau biyu daban-daban ya shigo tsaunukan gabashin Afirka. Wane kurmi ne ya kawo shi?

Wani abin kuma, tsirran nan da dama idan aka duba su a kan tsauni guda bambancin DNA ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Alamar an sha matse su, a mutu a bar kaɗan, ko kuma ƙwaya ɗaya ko biyu ce ta fara kafa su.

Mai Duwatsu:
Na ba ki na sama. Na kurmi ina nan kan bakana.

Tsohon Hedimasta:
Ashe ku ma ba ku gama shiryawa ba. To shekarun da kuke yanka wa DNA fa, sun tabbata?

Malamar Tsirrai:
Gaskiya, Baba, DNA ya fi iya faɗin wa ya haifi wa a kan faɗin yaushe. Saurin taruwar kurakuran ya bambanta daga dangi zuwa dangi, kuma itace mai shekara ɗaruruwa ba ya tafiya daidai da ciyawar damina ɗaya. Shi ya sa mai gaskiya ba ya ba da shekara guda, sai ya ce tsakanin kaza da kaza, tazarar kuma takan yi faɗi. Idan DNA da bununi da duwatsu suka yi baki ɗaya, nan ne ake sakin jiki.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Ina gaida dattawa. Tun ɗazu nike karatu, sai na ga ba wanda ya ambaci Abzin, alhali muna da namu. Bisa duwatsun Bagazam da Tamgak akwai zaitun na daji, ba wanda ya shuka shi. Bagazam ta kai mita 2,022. Shi itacen gajere ne mai rassa da yawa daga gindi, ganyensa siriri, bayansa fari-fari kamar an barbaɗa toka. Cikin tsagar duwatsu da bakin ƙoramu yake, inda ɗan ruwa ke laɓewa. Awaki da raƙuma sun aske duk inda bakinsu ya kai. Malama, shi ma zamanin ƙanƙara ya baro shi?

Malamar Tsirrai:
Wa alaikumus salam. Ka kawo babban misali, kuma na gida. Sunansa Olea europaea laperrinei, ɗan uwan zaitun ɗin da ake matse mai. Yana Abzin, yana Hoggar a Aljeriya, yana Jabal Marra a Darfur, tsakaninsu hamada zalla. Labarinsa na hawa da saukar laima ne fiye da na sanyi, amma agogon guda ne ke juya su. Bayan sanyin ƙarshe, daga wajen shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, Sahara ta yi kore, Tafkin Cadi ya zama ƙaramar teku. Kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe, mai shekara wajen 8,000, na wancan zamanin ne. A irin waɗannan lokutan tsirrai sukan sami sarari su bazu, fari ya dawo su maƙale a kan duwatsu. A Tibesti ta Cadi ma akwai Erica arborea, wanda danginsa ke Habasha da bakin Bahar Rum.

Guillaume Besnard da Fabien Anthelme da abokan aikinsu sun yi bincike a kansa, kuma abin da suka samu ya saɓa wa zato. Itatuwan kaɗan ne, sai a ɗauka DNA ɗinsu ya talauce, amma aka tarar da bambanci mai yawa. Dalili: itacen yana daɗewa ƙwarai, kuma ta toho daga gindi yake sabunta kansa, ba ta iri ba. Idan ka ga kututture da yawa a waje ɗaya, sau da yawa itace guda ne a DNA. Wato tsofaffi ne da suka ƙi mutuwa, suna riƙe da abin da suka gada tun lokacin da ake da ruwa.

Ɗan Agadas:
Wannan gaskiya ce. Ƙarami wanda ya tsiro daga iri abu ne mai wuyar gani.

Malamar Tsirrai:
Nan matsalar take. Duk tsohon da ya faɗi ya tafi da nasa, babu magaji. Kuma masu noman zaitun a ƙasashen Bahar Rum suna da sha'awarsa, don itacen da ya jure farin Sahara yana da abin da za a iya aurar wa na gona.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Ni a nan zancen ya shafi aikina. Idan aka tashi dashen itatuwa, abin da ake tambaya guda nawa aka dasa. Ba a tambayar daga ina irin ya fito. Na taɓa ganin an tara iri daga uwa biyu ko uku da ke bakin hanya, don su ne masu sauƙin kaiwa, aka cika gandun reno da su. A takarda dubbai ne, a jini 'yan ɗaki ɗaya. Cuta guda ta ishe su.

Ga wanda zai tara irin Prunus ko wani itacen tudu, shawarata: ya ɗiba daga iyaye da yawa masu tazara da juna, ya rubuta kurmin da kowane ya fito, kuma kada ya ɗauko na wani tsauni mai nisa ya zuba a nan don kawai sunansu ɗaya. Itacen nan tun 1995 yake cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya mai ƙayyade cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda yawan ɓare shi, kuma idan aka zagaye ɓawon duka mutuwa yake yi.

Uwar Biyu:
To yanzu da ake cewa duniya na ƙara zafi, sai su ƙara hawa sama ke nan? Wanda ya riga ya kai ƙoli fa?

Malamar Tsirrai:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. An riga an gani. A 2018 an wallafa binciken ƙololuwar tsaunuka 302 a Turai, wasu tun ƙarni na 19 ake ƙirga tsirransu. Sabbin da ke hawowa tsakanin 2007 da 2016 sun ninka na tsakanin 1957 da 1966 sau 5. Da jin farko kamar arziki ne, amma masu hawowar sun fi girma da saurin toho, suna iya danne ƙananan da ke can tun asali. A Alps akwai sauran tudu a sama. A Bagazam ko Mambila babu, rufin ke nan. Sai dai ɗan kwazazzabo mai inuwa ko gefen dutsen da rana ba ta duka sosai.

Ɗan Aji Huɗu:
Amma Malama, sun tsallake irin wannan sauyin sau da yawa a baya. Me zai hana yanzu?

Mai Duwatsu:
Abu biyu. Fitar duniya daga sanyin ƙarshe ta ɗauki wajen shekara 10,000, na yanzu kuwa cikin ƙarni ɗaya da rabi an haura digiri 1. Sannan a da babu gona, babu gobarar kiwo duk rani, babu gatari a kan hanyar da za su bi. Ka tambayi Ɗan Gembu abin da ke kewaye da Ngel Nyaki.

Ɗan Gembu:
Ciyawa da shanu, sai itacen turare da aka dasa a wasu wurare. Kurmin a gangaren dutse ya maƙale, inda wuta ba ta cika kaiwa ba, da 'yan guntaye a bakin rafuka. Akwai masu bincike na jami'ar Canterbury ta New Zealand da suka daɗe suna aiki a wurin tare da mutanen gari, suna reno suna dasawa.

Malama, tambaya ta ƙarshe. Waɗannan guntayen na bakin rafi, da itace biyar ko goma a ciki, suna da wani amfani ko babban kurmin kawai za a kula da shi?

Malamar Tsirrai:
Suna da shi sosai. Su ne matakalar da tsuntsu da bununi ke bi daga wannan kurmi zuwa wancan, kuma wani lokaci a irinsu ake tarar da tsatson da babu shi a babban. Ba a sani sai an gwada. Idan za ka taimaka, fara da rubuta inda kowane yake da wayarka, da kaurin gindinsa, da ko an ɓare shi. Kada ka tsinki ganye a cikin gandun sai da izinin hukuma. Idan izini ya samu, ganye biyu ko uku masu lafiya daga kowane itace sun isa, a sa a ambulan daban-daban da garin silika mai shanye laima, a rubuta lamba. Kada a sa a leda, ruɓewa zai yi.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Ɗan Gembu, yi mini magana ta gefe in gaya maka ofishin da ake neman izinin.

Ɗan Aji Huɗu:
Malama, in babu damuwa ni ma a sa ni. Ban zaɓi abin da zan yi furojet a kai ba tukuna.

Malamar Tsirrai:
Fara nemo takardar Bambili ka karanta, ka zo ka gaya mini ko Mai Duwatsu ne da gaskiya ko ni.